A Komo Da Majigi Ƙasar Anka, Gummi Da Bukkuyum

Akwai waɗansu mutane a ƙasar Zamfara waɗanda da sun ji an ambaci fim sai su ɓata fuska, su ce ai wannan sana'ar 'yan iska ce, ba ta da wani amfani sai lalata yara. Galibinsu dattawan kirki ne, kuma tsoron da suke ji ba na banza ba ne. Amma maganarsu ba ta cika ba, kuma rashin cikarta ya jawo hasara mai yawa. Wanda ya sha wahalar koyon karatu da girmansa ya fi kowa sanin zafin jahilci, saboda haka shi ya kamata ya fara auna wannan magana.

Da farko dai majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin En'e motar majigi take zagaya garuruwa. Da magariba ta yi sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, hakimi ya zauna, malamai su zauna, talakawa su kewaye, mai sharhi yana fassara abin da ake gani da Hausa. Da haka aka koya wa jama'a tsabtar rijiya, da amfanin lamba, da noman zamani. Cikin shekarun 1950 aka yi Baban Larai don manoma, tsofaffi da yawa suna tunawa da shi har yau. A 1976 kuwa Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar, na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zama fim. Sarakunan wancan zamani ba su fi na yanzu sakaci da addini ba, amma sun gane gani ya kori ji.

Daga baya al'amari ya sake. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, sana'ar fim ta kafu a Kano har aka laƙaba mata suna Kannywood. Ba a daɗe ba waƙa da rawa irin na Indiya suka mamaye ta, malamai suka yi ta kuka. Da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba, 1999, sai aka rufe gidajen silima. Kano ita kuma ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. To, a nan ne hanyoyin suka rabu. Kano ta ce za ta gyara, Zamfara ta kawar da kai. Amma kawar da kai bai hana kallo ba. Yau a kasuwar Gummi ko ta Anka yaro yakan miƙa wayarsa a cika masa ita da fina-finan Indiya da na Amurka a kan kuɗi kaɗan, ba wanda ya tace masa ko ɗaya. Watau an toshe ƙofar da ake iya tsaronta, an bar taga a buɗe.

Ga abin da ya sa maganar ta wuce ta nishaɗi. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da 'Yargalma. Yaro ya yi amai, ya yi ta suma, ya cika. Waɗansu iyaye suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, waɗansu suka ce iska ce. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, sai aka tarar gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurarsa ta bi tsakar gida da ɗakin kwana. Ƙurar ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jininsa, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai suka bukaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai a 2013.

Maganin rigakafin kuwa ba mai tsada ba ne. Kada a kai dutsen gida. A jiƙa shi kafin a niƙa, don ƙura ta kwanta. Mai haƙa ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. A wanke hannun yaro kafin ya ci abinci. Wannan duk ana iya nuna shi cikin fim na rabin sa'a, da bakin mutanen wurin, a ga uwa irin ta gidan kowa, da turmi irin na gidan kowa. Takarda tana isar da saƙo ga wanda ya iya karatu kaɗai, amma hoto mai motsi yana isa ga matar kulle, da tsohuwa, da makiyayi. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Darasin da aka saya da rayuka a Zamfara bai ƙetare iyakar jiha ba. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, a ƙarshen 2024 ta ɗage hanin. Samarin da suke shiga rami yanzu suna ƙanana lokacin da abin ya faru. Wa zai nuna musu?

Masu ƙin fim za su ce wa'azi ya isa. Lalle wa'azi shi ne kan gaba, kuma ƙasar da ta haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ba ta bukatar a koya mata darajar malamai. Amma shi kansa malamin bai ƙi rediyo don ana sa kiɗa a cikinta ba. Ya shiga Rediyon Kaduna da tafsiri, muryarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta kai ba. Wuƙar da mahauci yake yanka rago da ita, ita ce ɓarawo yake tare hanya da ita, ba a kuwa taɓa jin an hana ƙira saboda ɓarayi ba.

Za su kuma ce ƙasa ba lafiya, 'yan bindiga sun hana taron dare. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba mai hankalin da zai tara jama'a a fili da dare a ƙauyen da ba shi da tsaro. Amma majigin yau ba ya bukatar mota ko duhu. Ana iya nuna shi da rana a ajin makaranta, ko a zauren dagaci, ko a asibiti ranar awo. Mai tura fina-finai a kasuwa ma yana iya sa shi cikin wayar kowa kyauta. Hanyar da ɓarna take bi ta shigo, ita ce gyara zai bi.

Masu sana'ar fim su ma suna da nasu laifin. Sau da yawa in an ji harshen Sakkwato ko na Zamfara a fim ɗin Kano, to, a bakin baƙauyen da ake yi wa dariya ne. Baƙi masu ɗaukar hoto kuwa ba su zuwa Anka sai in an yi mutuwa, su ɗauki kaburbura su koma. Alhali ƙasar nan tana da labarin da ya isa a nuna. Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara, magajin daular da Gobirawa suka ci birninta a ƙarni na 18. Ga manoman fadamar Gummi da masuntanta, ga ambaliyar da ta ci gidajensu a 2024. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In 'ya'yan ƙasa ba su ɗauki hoton kansu ba, wani zai ɗauka, ya kuma nuna su yadda ya ga dama.

Kada wani ya ce talauci ne ya hana. Jamhuriyar Nijar ba ta fi Zamfara arziki ba, amma ɗanta Oumarou Ganda shi ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane kuma ya zauna a Tawa, yana yin fim, yana kai majigi ƙauyuka. Su da na'urori masu tsada suka yi fama. Yau wayar hannu mai kyau ta isa a fara.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. Sarakunan Anka, Gummi da Bukkuyum su haɗa kai da ƙananan hukumominsu, su tara samarin da suke wasan kwaikwayo a makarantu da unguwanni, a nemo musu wanda zai koya musu riƙon na'ura. Malamai su duba labari tun yana takarda, ma'aikatan lafiya su duba gaskiyar abin da ke ciki. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, a yi bikin nuna abin da aka yi, bana a Anka, baɗi a Gummi, baɗin baɗaɗa a Bukkuyum, a ba wanda ya fi kyauta. Waɗanda suka fito ajin yaƙi da jahilci su ne za su rubuta labaran, gama su suka san abin da ke damun maƙwabtansu.

Fim na farko kuwa ya zama na dalma, a yi shi da izinin iyayen da suka binne 'ya'yansu, da harshensu. Allah ya jiƙan yaran, ya tsare na baya.