Filin Uwargida: Tabon Zanen Yara a Jikin Fata da Bango

A wannan mako za mu yi magana ne a kan abin da ke tayar da hankalin uwargida a duk gidan da ke da 'yan makaranta, wato tabon biro da kala da fenti da gam a jikin kujera ko tumtum ko bango. Sau da yawa ɓarnar yaro kaɗan ce. Babbar ɓarna tana zuwa ne daga hannun babba, wanda zai ɗauko kalanzir ko omo cikin fushi ya hau dirza. Garin neman gira sai a rasa ido.

Kafin a taɓa tabo, wajibi ne uwargida ta san irin fatar da take da ita. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wani ɓoyayyen wuri. Idan ruwan ya tsaya a sama, to, fatar tana da rufi, kamar yawancin kujerun kamfani da kujerun leda, kuma za ta jure goga mai sauƙi. Idan kuwa ya shige ciki har wurin ya yi duhu, to, fatar ba ta da rufi, sai a yi hattara ƙwarai.

Fatar da dukawanmu na Kano da Sakkwato ke ɗinka tumtum da jaka da ita, galibi irin ta biyun ce. Majema da bagaruwa suke jeme ta, jan launinta kuwa na gargajiya daga karan dafi yake. Irin wannan fata ba ta shiri da kanwa ko toka ko sabulu mai ƙarfi, domin suna duhunta ta, su busar da ita har ta tsage. Haka kuma idan ƙarfe ya taɓa ta tana jiƙe, sai ya bar baƙin tabo mai wuyar fita. Saboda haka kada a kankare ta da wuƙa ko reza.

Sai kuma a duba abin da ya yi tabon, domin kowanne da maganinsa. Tawadar allo da fentin ruwa na 'yan makaranta da ƙaro ake haɗa su, ƙaro kuwa ruwa na narka shi. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse sosai ya isa, a riƙa dannawa ana ɗagawa, daga gefen tabon zuwa tsakiya, don kada ya bazu. Farin gam na manna takarda shi ma ruwan ɗumi ke tausasa shi, sai a ɓanɓare da yatsa. Amma fentin da ake kira akirilik, muddin ya bushe ya zama kamar roba, don haka tun yana ɗanye ake goge shi.

Kala irin ta kaki, wadda ake kira kireyon, ruwa kaɗai ba ya ɗauke ta. A fara cire kakin da gefen cokalin roba, sannan a goge da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanka mai laushi. Idan maiƙo ya rage a fatar da ba ta da rufi, a barbaɗa garin alli ko sitaci, a bari ya kwana, da safe a kaɗe. A jikin zane ko labule kuwa, a ɗora farar takarda a kai, a bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, takardar za ta shanye kakin. Amma fa dutsen guga ba ya hawa kan fata ko leda.

Mafi wuya duka shi ne biro da maka. Sifirit irin na asibiti yana narka su, sai dai yana iya tafiya da launin fatar. A fata mai rufi da leda, a gwada tukuna a ɓoye, sannan a taɓa tabon da auduga mai ɗan sifirit, ana sauya audugar da zarar ta ɗauki launi. A yi shi da wuri, domin idan biro ya daɗe a jikin leda yakan shige ciki. A fatar gargajiya kuwa, gara a kai wa baduku, wanda zai iya sake rina wurin. Ruwan goge jan farce da fetur da kalanzir duk a nisanta su daga fata.

Game da bango, fentin mai mai sheƙi yana jure sabulu da ruwa. Fentin ruwa kuwa yakan biyo tsumma, don haka a goge shi sannu a hankali, idan tabon ya ƙi, a shafa masa sabon fenti. Zanen fensir roba ce ke goge shi. A tayil da gilashi sifirit ya wadatar, amma a teburin katako mai sheƙi yana cinye sheƙin. Gargaɗi mai muhimmanci: kada a taɓa haɗa ruwan bilic da ruwan khal ko wani maganin wanke banɗaki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Sifirit kuma yana kama wuta, a nisanta shi daga risho da hannun yara.

Bayan an gama, a bar fatar ta bushe a inuwa, domin rana tana ƙanƙance ta.

Daga ƙarshe, iyaye, duka ba ya fitar da tabo, sai dai ya kashe wa yaro sha'awar rubutu da zane, alhali kuwa hannun da ke zane yau shi ne zai riƙe alƙalami gobe. A ware masa wuri guda, a shimfiɗa tsohuwar jarida ko buhu, a ba shi allo da alli da takarda, a kuma sa shi ya taya goge abin da ya ɓata. Rigakafi dai ya fi magani.