Kafin Ka Sayi Tsohon Injin Kwalekwale

'Yan'uwa mazauna Ikko da Fatakwal, da yawa cikinku kan sayi tsohon injin kwalekwale ku aika gida, Yawuri ko Baga. Ni ban ga laifin wannan ba, gama tsohon inji in ya sami gyaran kirki sai ya yi shekaru yana ci da iyali. Amma kada sabon fenti ya ruɗe ku.

Da fari a duba ɗan farantin ƙarfen da aka manna wa injin, mai ɗauke da samfurinsa da lambarsa. In an kankare, a haƙura da shi: ba a san kayan gyaransa ba, wataƙila ma na sata ne. Evinrude kuwa tun 2020 aka daina ƙera shi. A tsiyayo man giya. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. A sake robar famfon ruwa, ko da mai sayarwa ya rantse sabuwa ce.

Shi kuma kwalekwalen, a caka wa katakonsa wuƙa. In ta shige, ya ruɓe. A 2023 mutum fiye da 100 suka halaka cikin jirgi guda a Jihar Kwara. Rayuka za a ɗauka, ba buhunan gero ba. Allah ya kiyaye.