Martani: Masu Sikila Ba Gurɓataccen Iri Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka da ka nemi a hana masu sikila aure a jihar Sakkwato, wai don a tsarkake jinin al'umma. Wannan tunani tsoho ne, kuma tarihinsa baƙi ne. Baturen Ingila Francis Galton ya raɗa masa suna a 1883: a riƙa tace mutane kamar yadda manomi ke zaɓen irin gero. A 1927 kotun ƙolin Amurka ta halatta hana wasu haihuwa da ƙarfin tsiya. Hitler ya yi dokarsa a 1933, aka yi wa kusan mutum 400,000 tiyatar dole, daga baya aka shiga kashe naƙasassu.

Ko lissafin ma ka kuskure. Mai SS ya auri mai AA, ba ɗansu ɗaya da zai yi sikila. Masu AS biyu kuwa, lafiyarsu garau, amma kowane ciki akwai haɗarin ɗaya cikin huɗu.

Mu a Jabo, gwajin jini mai rahusa muke nema tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ka rubuta kan wannan, Malam, ka ƙyale 'ya'yanmu.