A binne wayar wuta, to, amma a gonar wa?

Duk damina abu ɗaya ne: iska ta taso, turken lantarki ya kwanta, unguwa guda a Madawa ko Buza ta kwana cikin duhu. Kafin gari ya waye kun cika Facebook: "A binne wayoyin nan mana, kamar Turai!" Ni ma ina so. Amma tambayar da ba na ji muna yi ita ce: ramin ta gonar wa zai bi?

Turke ɗan wuri yake ci, manomi ya kewaye shi ya yi shukarsa. Wayar da aka binne kuwa tana riƙe da dogon zirin ƙasa har abada. Ba ka haƙa rijiya a kanta, ba ka dasa icce, ba ka ɗora ɗaki. A fadamar Tarka, inda albasa ke rayuwa da ruwan rijiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Keita kuwa, ƙasar da iyayenmu mata suka farfaɗo da duwatsu a ka tun aikin 1984, wa zai ce a tsaga ta ba tare da an tambaye su ba?

Doka tana nan. Dokar 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce ko don amfanin jama'a za a karɓi fili, sai an bi ƙa'ida an biya diyya tukuna. Matsalar ita ce sanin mai filin. Gonar gado da ba a raba ba, wa zai sa hannu? Babban wa da ke gida, ko ƙannen da ke bida a Agadas da Abijan? Wanda aka ba aro fa? Matar da ke da kaso amma ba a kiran ta zaman?

A gonar kakana an taɓa haƙa rami, kawuna ɗaya ya ce "ba komai", shi ke nan. Mahaifiyata a bakin maƙwabta ta ji.

Don haka kafin NIGELEC ko wani ɗan kwangila ya zo da magana irin wannan, ku je hukumar filaye, COFO, da dokar karkara ta 1993 ta tanada, ku yi wa gonarku takarda da sunan duk magada. In an zo, ku nemi taswirar inda ramin zai bi, faɗinsa da zurfinsa, da wanda zai biya in an dawo tono don gyara ana tsakiyar albasa. A rubuce, gaban mai gari.