Daga Bagauda zuwa birnin Hague

Hanyar zama lauya a Nijeriya a shimfiɗe take, sai dai doguwa ce. Ɗalibi yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da adabin Turanci, kafin ya ci JAMB ya samu gurbi. Wannan adabin ne ke kayar da yara da yawa a Arewa, domin makarantu da dama ba su da malaminsa, yaron kuwa bai san da sharaɗin ba sai ranar cike fom.

Karatun digiri shekara biyar ne. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna haɗa dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci. Daga nan sai shekara ɗaya a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Bwari da rassa a Legas, Inugu, Yola, Yenagoa, Fatakwal da Bagauda ta Kano. Kowace jami'a tana da adadin ɗaliban da aka ƙayyade mata. Wadda ta yi haɗama ta zarce adadin, ɗalibanta ne ke zaman jira da takarda a hannu. Ya kamata iyaye su binciki wannan tun kafin su biya kuɗin rajista. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe akan rantsar da shi, a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Muƙamin babban lauya (SAN) da kujerar alƙalin babbar kotu kuwa, sai an yi aƙalla shekara goma a aiki.

Aiki a ƙungiyoyin duniya wani zance ne daban. Taslim Elias ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985, Chile Eboe-Osuji kuma ya jagoranci Kotun Hukunta Manyan Laifuka daga 2018 zuwa 2021. Ba dole ne ma mutum ya zama lauya ba: Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Kebbi da ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, kimiyyar siyasa ya karanta.

Abin da ake nema a can shi ne ƙwarewa a fanni guda, kamar haƙƙin ɗan Adam ko cinikayya, galibi da digiri na biyu, sannan harshe. Kotunan nan biyu, da ke birnin Hague, da Turanci da Faransanci suke aiki, Larabci kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar. A nan ɗan Arewa yake da gata bai sani ba. Ya taso da Larabci a Islamiyya, ga Maraɗi da Damagaram, inda ake jin Faransanci, a ƙofar gida, amma tsangayoyin shari'a ba su ɗauki harshe da muhimmanci ba. Kotun ECOWAS ma, da ke zaune a Abuja, da Turanci, Faransanci da harshen Fotugal take gudanar da shari'a.