Muna Son Maganarsu, Ba Ma Son Surukuta Da Su

Yau kam ba ci gaban labari na zo da shi ba. Wani abu ne ya faru a unguwarmu, nan Goron Dutse, ya tsaya mini a rai har na kasa haɗiyewa.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin kirki, wanda duk majalisar da muke zama bayan la'asar an san shi da son Shata. In ana gardama hujja ta ƙare masa, sai ya ce ai Shata ma ya faɗa, ya jawo baiti, shi ke nan magana ta mutu. A watan jiya wani saurayi ya turo magabatansa neman auren 'yarsa. Yaron malamin firamare ne, ba a san shi da wani abin assha ba, sai dai da yamma yana shiga situdiyo yana rera waƙa. Da bincike ya gano haka, dattijo ya ce a ba su haƙuri, shi ba zai haɗa jini da maroƙi ba. Wallahi a ranar da ya faɗi haka na shiga motarsa zuwa Kurmi, kalangun Shata ne ke tashi tun daga ƙofar gida har muka sauka.

Na taɓa karanta cewa mutanen Japan suna da suna na musamman ga maganar da mutum ya riƙa a matsayin jagorar rayuwarsa, suna ce mata zayu no mei, wato rubutun da ake ajiyewa a daman wurin zama, kuma 'yan jarida kan tambayi mawaƙansu mene ne nasu. Mu namu mawaƙan ba su jira an tambaye su ba. Narambaɗa ya yi Bakandamiyarsa, Shata ya yi tasa, kowanne ya tsaya gaban jama'a ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya dogara da shi. Wasu na ganin wannan cika baki ne kawai. Ni ban ɗauke shi haka ba. Mutumin da al'umma ta ajiye sana'arsa a ƙasan tabarma, in bai ɗaga kansa da kansa ba, wa zai ɗaga shi?

Dubi Shata. An haife shi a Musawa, kuma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, domin a wurinsa waƙa roƙo ce, gidansu kuwa ba gidan roƙo ba ne. Bai bari ba. Ya shafe sama da shekara 50 yana yi, ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi, ya yi wa manoma, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da ya rasu a nan Kano a watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Abin da ni na koya daga gare shi ba a baiti ɗaya yake ba, yana cikin wannan taurin kai: ka san abin da Allah Ya hore maka, ka riƙe shi, ko da na gida ne ke yi maka dariya.

Amma wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Ɗan Maraya Jos. Mahaifinsa ya rasu yana jariri, mahaifiya ta bi baya, sarkin Bukur ya riƙe shi. Wani da zai ɓoye wannan tabon, shi kuwa sai ya mai da shi sunansa, har ya zamana ba kowa ne ya san sunansa na yanka Adamu ba. Sannan ya ɗauki kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwanin kifi, ba amshi, ba rundunar makaɗa, ya je ya yi wa karen mota waƙa. Mai karatu, me karen mota zai ba mawaƙi? Har ya rasu a 2015 yana yi wa talaka magana. Barmani Choge ma haka, da ƙwaryarta daga Funtuwa ta yi ta zaburar da matan aure su kama sana'a tun kafin ƙungiyoyi su fara taron bita a kan haka.

Ba zan ce dattijon nan ba shi da hujja sam ba. Akwai roƙon da ke zubar da mutunci, akwai zambo, akwai mawaƙin da zai wasa ɗan siyasa bana ya zage shi baɗi saboda an canja mai biya. Kuma malamai suna da maganarsu a kan kiɗa, ban isa in shiga ba. Da ya ce ya saurari waƙoƙin yaron ya ji batsa ko cin mutunci, da ni ne na farko da zan ce Baba ka yi daidai. Amma ko ɗaya bai saurara ba. Sunan sana'ar kawai ya ji. In kiɗan ne haram, to me yake yi a motarsa?

Mu marubuta ya kamata mu fi kowa jin ciwon wannan. Mun san yadda aka riƙa kiran littattafanmu adabin kasuwa da sigar raini, mun kuma ga yadda aka tara su aka cinna musu wuta a Kano a 2007, alhali a ƙarƙashin filon matan gidajen da ake zaginmu ake samunsu.

Shekaranjiya na yi ta maza na ce, "Baba, da Shata ne ya turo neman 'yar taka fa?" Ya yi shiru, ya ɗan murza carbinsa, sannan ya ce, "Kai yaro, Shata ai daban ne." Na ce a Musawa ma lokacin da ya fara ba wanda ya ce daban ne. Sai aka kira sallar magariba, muka tashi. Yarinyar dai an ce har yau ba ta fita zance da kowa ba.