A Bar Mu Mu Kwatanta Sifar Turanci da ta Hausa



Makon jiya aka raba mana takardun insha'in Turanci a aji biyu, kuma da yawanmu jan biro ya cika mana takarda. Da aka fita shan iska muka jera takardunmu muka duba, sai muka ga kusan wuri ɗaya muka faɗi, wato wajen sifa, wadda ake kira "adjective" da Turanci. Abin haushi, ma'anarta mun haddace tun muna firamare. Ko daga barci aka tashe mu za mu rero ta. Amma haddar ba ta ba mu maki ba.

Mu a ganinmu Hausarmu ce take bin mu cikin Turanci ba mu sani ba, kuma ba za mu kama ta ba sai an rubuta harsunan biyu kusa da juna a kan allo.

A Hausa muna cewa farin zakara, farar kaza, fararen kaji. Sifa tana canzawa idan namiji ne, ko mace, ko jam'i. Shi ya sa hannunmu yake ƙaiƙayi mu rubuta "whites hens". A Turanci kuwa "white" ba ta motsi, ko kaza ɗaya ce ko ɗari. A nan ma Turanci ya fi sauƙi, ba a dai taɓa gaya mana haka ba.

Wanda ya fi cin mana maki shi ne "tana da kyau". Wata 'yar ajinmu ta rubuta "my sister has beautiful", aka yi ta mata dariya har ta kifa kai a kan tebur. To amma ba wauta ta yi ba. A Hausa kalmar kyau suna ce, shi ya sa muke cewa mutum yana da shi, kamar yadda yake da kuɗi. Ita kuwa "beautiful" sifa ce, sai a ce "my sister is beautiful". Da an yi mata wannan bayani da Hausa, cikin minti biyu ta gane. Masu dariyar kuma, mun ga takardunku, wasunku "more better" kuka rubuta.

Haka ma kwatanci. Mu kalmar "fi" ta ishe mu: Audu ya fi Musa tsawo, ya fi shi wayo. Turanci hanya biyu gare shi. Gajeriyar kalma kamar "tall" ta koma "taller", doguwa kamar "beautiful" a sa mata "more" a gaba. Ba a haɗa biyun wuri ɗaya. Sannan ga 'yan taurin kai irin su "good, better, best" da "bad, worse, worst", waɗannan kam sai hadda. Akwai kuma "I am boring" da muke faɗa idan darasi ya ishe mu, alhali ma'anarsa mu ne muke gundurar mutane. Daidai shi ne "I am bored".

Mun san dalilin da ya sa ake hana yin Hausa a aji. Ana so bakinmu ya saba da Turanci, tunda da shi za mu rubuta yawancin darussa a jarrabawar BECE idan mun kai aji uku. Ba mu ce a soke dokar ba. Amma wanda aka ci shi tara don ya yi tambaya da Hausa, gobe shiru zai yi, ya koma gida da kuskurensa.

Roƙonmu ga malaman Turanci shi ne su ware mana minti goma a ƙarshen darasin nahawu, mu kawo jimlar Hausa, a juya ta tare a ga inda ta bambanta da ta Turanci. Idan malamin Hausa zai leƙo sau ɗaya a zango, za mu ji daɗi sosai, don shi ya koya mana sifa da jinsi da jam'i.

Kafin nan mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk wanda jan biro ya kama shi a kan sifa ya rubuta jimlarsa, ba sai ya sa suna ba. Ranar Juma'a za mu kai wa malam ya gyara, mu kafe amsoshin a nan ranar Litinin.